Labarin Yana Wajen Mai Riƙe da Makulli

 

Akwai wani saurayi da ya zama ruwan dare a labaran Hausa na intanet a 'yan shekarun nan. Kullum yana cikin ɗaki mai duhu, da baƙar riga mai hula, da kwamfuta a kan cinya. Ya yi danne-danne na minti biyu, sai marubuci ya ce mana ai ya shiga banki ya kwashe miliyoyin Alhaji. Ba a faɗa mana ta wace ƙofa ya shiga ba, ko wa ya bar ta a buɗe. Ra'ayinmu shi ne wannan saurayi aro ne daga finafinan ƙetare, kuma yana cutar da labari, yana cutar da mai karatu. Labarin da ya cancanci alƙalaminmu yana wajen wani mutum daban, wanda aka ba ajiyar makulli. Sana'a ce mai zaman kanta a bankuna da kamfanonin sadarwa, kuma mutanenmu na Rano da Kibiya suna cin moriyarta kullum ba tare da sun san da ita ba.

Mu fara daga gida. Duk wanda ya ga farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ya san yadda teburin mai POS ya koma bankin talaka. Manomi daga Rurum ko Tarai ya sayar da buhun masara, an tura masa kuɗi ta asusu, ya zo kasuwa ya miƙa kati, ya kare da tafin hannu ya danna lambobi huɗu. A wajensa magana ta ƙare. A wajen marubuci kuwa yanzu aka fara.

Lambobin nan huɗu ba sa fita daga na'urar tsirara. Tun a cikinta ake kulle su, a mayar da su wani tarkacen rubutu marar ma'ana. A haka suke bin layin sadarwa, su ratsa kamfanonin da ke tsakani irin su NIBSS ko Interswitch, har su isa bankin mai kati. Duk inda ya zama dole a buɗe su a sake kullewa, ana yin haka ne a cikin wani akwati na musamman da aka ƙera domin ajiyar makullai, inda idon ma'aikaci ba ya kaiwa. Ita kanta na'urar POS an yi ta ne yadda idan wani ya kwance ta da niyyar leƙa cikinta, sai ta goge makullan da ke jikinta ta zama hoto. To waye ya haifar da waɗannan makullai? Wa ya zuba su a na'ura, wa yake sauya su, wa ya san inda kwafinsu yake? Wannan shi ne mutumin da muke magana a kansa. Ofishinsa yana iya kasancewa a Legas ko Abuja, amma bakin igiyar da yake riƙe da ita yana nan a kasuwar Rano.

Makulli a wannan fage ba ƙarfe ba ne, doguwar lamba ce. Lambar sirri ta kati mai gida huɗu hanyoyi 10,000 kawai ake iya jera ta, shi ya sa banki ke rufe kati idan aka yi kuskure 'yan lokuta a jere. Amma irin makullin da manyan kamfanoni ke amfani da shi a yau, yawan hanyoyin da za a iya jera shi adadi ne da sai an rubuta alkaluma 78 a jere kafin a gama rubuta shi. Babu wata kwamfuta a duniya da za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya ta gama. Saboda haka ɓarawo mai hankali ba ya ɓata lokacinsa a kan kwaɗo. Mai makullin yake nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan kusan kullum mutum ce.

Wannan fahimta tsohuwa ce. A ƙarni na 9, a Bagadaza, malamin nan Al-Kindi ya nuna yadda ake warware ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa. Tun daga nan aka san cewa dabarar ɓoye rubutu, komai kyanta, wata rana wani zai gano ta. A shekarar 1883 Auguste Kerckhoffs, wani malamin harsuna da ya zauna a Faransa, ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: a gina tsarin yadda ko abokin gaba ya san komai game da shi, ba zai iya komai ba muddin bai samu makulli ba. Ma'ana, an tattara dukkan sirrin an ɗora shi a kan abu guda. Duk wanda aka danƙa wa wannan abu guda, an danƙa masa dukiyar jama'a.

Mene ne aikinsa na yau da kullum? Yana haifar da makulli daga lambobin da na'ura ta zaɓo ba tare da wani tsari da mutum zai iya hasashe ba. Yana adana shi a akwatin makullai. Yana isar da shi ga wanda ya dace, wani lokaci kashi-kashi, a cikin ambulan na musamman mai lamba wanda idan an taɓa buɗe shi sai an gane. Yana riƙe da jadawalin ranar da kowane makulli zai tsufa a sauya shi. Idan aka yi zargin wani ya fita, yana soke shi cikin gaggawa, ko da tsakar dare ne. Idan amfaninsa ya ƙare, yana lalata shi a gaban shaidu. Kuma kowane mataki sai an rubuta a littafi, da rana da lokaci da sa hannu. Ranar da ya yi aikinsa daidai, babu wanda ya san yana nan.

Babbar dokar sana'ar ita ce kada mutum ɗaya ya san makulli gaba ɗayansa, kuma kada mutum ɗaya ya iya aiki da shi shi kaɗai. Ana raba shi gida biyu ko uku, kowa da nasa kaso, kowa da nasa akwatin ƙarfe. Wannan bai kamata ya zama baƙo a kunnenmu ba. Mun san asusun masallaci ko na ƙungiya mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannun shugaba, ba a buɗewa sai a gaban jama'a. Ba don ana zargin ma'aji ba ne. Ana kare shi ne daga ranar da shaiɗan zai zo masa da kyakkyawan dalili, ana kuma kare sunansa daga bakin mutane. Ƙasar da ta san sarautar Ma'aji, ta san Sarkin Ƙofa a ƙofofin birnin Kano, ba za a koya mata nauyin riƙon makulli ba. A shekarar 1979 masanin lissafi Adi Shamir ya mayar da wannan hikima lissafi: ya nuna yadda za a raba sirri ga mutane da yawa ta yadda sai wani adadi daga cikinsu sun haɗu zai fito, idan kuwa ba su kai adadin ba, abin da ke hannunsu bai faɗa musu komai ba.

Wanda yake son ganin ƙarshen wannan tsari, ya dubi hukumar ICANN mai kula da sunayen adireshin intanet. Tun shekarar 2010, duk bayan wata uku ake zaman buɗe babban makullin da ke tabbatar da cewa adireshin da ka rubuta ya kai ka gidan gaskiya. Ana yin zaman ne a wurare biyu a Amurka, ɗaya a Culpeper ta jihar Virginia, ɗaya a El Segundo ta jihar California, a gaban shaidu da kyamara, ana bin rubutaccen tsari layi bayan layi. A shekarar farko an zaɓi mutum bakwai daga ƙasashe daban-daban aka ba kowannensu kaso na makullin ko-ta-kwana, kuma sai biyar sun hallara yake aiki. Ɗaya daga cikinsu, Moussa Guebre, ɗan Burkina Faso ne. A watan Fabrairun 2020 sai da aka ɗage zaman saboda kwaɗon wani akwatin ƙarfe ya cije, aka kira mai gyaran makulli ya huda shi. Manyan masanan intanet sun taru daga nesa, suna jiran maƙeri. Marubucin da bai ga labari a nan ba, a ina zai gani?

Yanzu mu duba yadda abin yake lalacewa, domin a nan ne rikicin labari yake. Akwai misalai uku, kuma abin mamaki duka ukun sun faro ne a wata guda, Disambar 2018.

Na farko, fitar makulli. A watan Yunin 2020 jaridar Sunday Times ta Afirka ta Kudu ta ruwaito cewa an buga babban makullin bankin Postbank a kan takarda, a fili, a wata cibiyar ajiyar bayanai da ke Pretoria, a Disambar 2018. Rahoton ya ce an yi amfani da shi wajen kwashe kimanin Rand miliyan 56, kuma sai an sauya katuna kusan miliyan 12. Da yawa daga masu katunan tsofaffi ne da marasa galihu masu karɓar tallafin gwamnati. Babu wanda ya haura katanga. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu, mantuwa. A ranar 6 ga Disambar 2018 miliyoyin masu waya a Birtaniya da Japan suka rasa layi. Kamfanin Ericsson ya bayyana cewa wata takardar shaida ta cikin manhajarsa ce wa'adinta ya ƙare. Ba ɓarawo, ba maƙiyi. Rana ce ta cika ba a sabunta ba.

Na uku, mutum ɗaya. A wannan wata ne Gerald Cotten, shugaban kamfanin kuɗin kirifto na QuadrigaCX da ke Kanada, ya rasu a Indiya yana da shekara 30. Aka ce shi kaɗai ya san makullan asusun ajiya, ya tafi da su kabari. Daga baya, a 2020, hukumar kula da hannun jari ta lardin Ontario ta bayyana cewa yawancin kuɗin ya riga ya salwantar da su tun yana raye. Rashin ido na biyu a kan makulli shi ya ba shi damar yin ɓarna shekara da shekaru ba wanda ya sani.

Cin amana, sakaci, da kaɗaita iko. Wanne ne daga cikinsu baƙo a adabinmu? Su ne dai jigogin da muke juyawa a labarin kishiya da na gado da na sarauta. Abin da ya sauya kawai shi ne abin da ke cikin rumbun.

Mun san za a ce: masu karatunmu soyayya suke so, wa zai karanta labarin akwatin makullai? Amsarmu ita ce ba wanda ya ce a rubuta darasin kwamfuta. A ce wata yarinya ce 'yar Kibiya, ta yi karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero ko a Wudil, ta samu aiki a wani banki, aka ba ta kaso ɗaya cikin uku na babban makulli. A gida an san tana aiki a banki, kuma a wajen dangi duk mai aiki a banki yana kwana ne a kan kuɗi. Kawunta, wanda ya biya mata kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifinta ya rasu, bashi ya kai masa wuya, wasu mutane kuma sun yi masa alkawari. Ya kira ta gefe bayan sallar Idi:

"'Yata, ba kuɗi na ce ki ɗauko ba. Hoton takarda kawai suke so."

"Kawu, takardar nan ba tawa ba ce."

"To ni naki ne ko ba naki ba ne?"

A ofis kuma, ranar da za a sauya makulli, abokin aikinta ya makara, shugabanta ya miƙo mata ambulan ɗin wancan ya ce ta buɗe duka biyun a wuce wurin. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri mu jira shi." Wannan jimla guda tana iya jawo mata rasa ƙarin girma. Ga zumunci, ga biyayya ga na gaba, ga amana, duk suna jan mace ɗaya. In an so a sa soyayya, ga wuri nan a buɗe: me za ta yi ranar da ta gane wanda ke neman aurenta ya fi sha'awar aikinta a kan ita? Wannan ya fi ɗan kutse mai baƙar riga nauyi sau goma, domin mai karatu ya san Kawu, ya san irin wannan shugaba.

Za a kuma ce: idan muka bayyana yadda abin yake aiki, ba mu koya wa ɓarayi ba? Kerckhoffs ya riga ya amsa. Tsarin ba sirri ba ne, yana nan a littattafai, kuma ɓarayi sun riga mu karantawa. Wanda bai sani ba shi ne manomin Tarai. Labarin da ya nuna masa cewa ana kwashe kuɗi da tsafin kwamfuta ya koya masa cewa ba shi da abin yi, sai dai ya kai ƙara wajen Allah. Labarin da ya nuna masa gaskiya, cewa mai kiran waya da murya mai daɗi, wanda ya ce daga banki yake za a rufe BVN ɗinsa, makulli yake roƙo domin ba shi da shi, ya ba shi makami. Bankuna sun sha nanata cewa ba sa tambayar lambar sirri ko lambar da suke turowa ta saƙon waya. Sanarwar banki tana shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Amma matar da ta yi kuka saboda jarumar labari ta karanto wa baƙo lambobi shida, ba za ta manta ba ranar da aka kira ta.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu kaɗai, wato kalmomi. Har yanzu ana kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya. Lambar sirri ta kati daban, kalmar shiga asusu daban, lambar wucin gadi da ake turowa ta saƙo daban, makullin da ke cikin na'ura wanda mutum ba ya taɓa gani shi ma daban. Marubucin da ya cakuɗa su ya rikita mai karatu a wurin da rikicewa ke jawo asara. Mu zaɓi suna ga kowanne, mu tsaya a kansa daga farkon littafi zuwa ƙarshe. Harshen da ya karɓi mota da rediyo da asibiti, ya kuma ƙirƙiro jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba zai gaza a nan ba. Kalma kuwa ba a kwamiti take samun rai ba, a bakin jarumin labari take samu.

Kafin a ɗauki alƙalami, a yi bincike, kuma binciken ba sai an je Legas ba. A zauna da mai POS na unguwa a tambaye shi abin da yake faruwa idan na'ura ta ƙi aiki, da irin dabarun da 'yan damfara ke zuwa da su. A tambayi ma'ajin wata ƙungiya yadda yake ji ranar da ake ƙirga kuɗi a gaban mutane. A tambayi uwar adashe yadda take kwana da kuɗin mata ashirin a ɗakinta. Abin da ke zuciyarsu shi ne abin da ke zuciyar mai riƙe da makullin banki. Sauran bayanin fasaha ana samunsa a karatu. A kuma sani cewa sana'ar tana da gaba a ƙasar nan: dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare bayanan mutane, kuma tsarewar ba ta yiwuwa sai da masu kula da makullai. Yaron Rano da ya karanta labarinmu yana iya gano cewa akwai hanyar cin abinci da kwamfuta wadda ba damfara ba, wadda jarinta na farko gaskiya ce.

A ƙarshe, mu tuna cewa mu ma masu riƙon makulli ne. Marubuta da yawa a yau suna sayar da littafi ne a rukunin WhatsApp ko Telegram, rubutun shekaru yana cikin waya guda, kuɗin masu karatu yana shiga asusu guda. Darussan nan uku sun shafe mu kai tsaye. Game da fitar makulli: lambobi shida da WhatsApp ke turowa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi ne shugaban wannan rukuni, kuma a kunna matakin tsaro na biyu. Game da mantuwa: a ajiye kwafin rubutu a wuri na biyu, a riƙa dubawa ko yana buɗuwa. Game da mutum ɗaya: kada rukunin da ya tara ɗaruruwan masu karatu ya dogara da waya ɗaya, kuma kowa ya yi tunanin yadda magadansa za su kai ga rubutunsa da haƙƙinsa idan ta Allah ta kasance. Littafin da aka kulle a wayar mamaci, ba wanda ya san lambar, ya bi marubucinsa.

Aikin wannan mako: a rubuta shafi ɗaya, bai wuce kalma 500 ba, a kan mutumin da aka ba ajiyar makulli, na rumbu ne ko na shago ko na banki, a daidai lokacin da wanda yake jin nauyinsa ya roƙe shi. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya fasa ƙofa. Duk abin da zai faru, ya faru a tsakanin mutum biyun nan.

Allah Ya ƙara basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.